Sai Shanu Sun Gama Sha

Duk wanda ya ce maka daga Gashua zuwa Nguru ba nisa, tambaye shi ko ya taɓa bin hanyar da marar lafiya jingine a kafaɗarsa. Ni Zinariya na bi ta har na haddace ramukanta. Litinin da Alhamis, tun ana girbin gero har bazara ta shigo da zafinta, ina kai mahaifina, Baba Madu, wankin ƙoda a asibitin Nguru. Sana'ata bandar kifi, rumfata tana bakin kasuwar Gashua, amma a watannin nan ƙudaje sun fi ni zama a cikinta. Ƙanena Ikrima yana aikin gwamnati a Damaturu. Nasa rabon jinyar shi ne ya bugo waya ya ce, "Yaya, ya jikin Baba? Allah ya ba ki lada." Amin, na gode. Sai dai wayar ba ta cicciɓar tsoho daga tabarma ta sa shi a mota. Ni nake yi, har bayana ya daina miƙewa.

Ga yadda abin yake, don wanda Allah bai jarrabe shi da shi ba. Injinan wankin kaɗan ne, masu jira kuwa kamar ranar kasuwa. Kowa da lokacinsa. In lokacinka ya yi ba ka nan, a ɗora wani, kai kuma ka jira zagaye na gaba. Jikin mai ciwon ƙoda kuwa bai san jira ba. Ruwa zai taru masa a ƙafa, ya hau ciki, ya hau ƙirji, har numfashi ya gagara. Sau ɗaya muka taɓa makara, wata babbar mota ta faɗi ta tare hanya. Baba ya yi kwanaki a zaune, ba ya iya kwanciya, yana jan iska kamar tarwaɗar da aka jefa kan tudu. Tun daga nan na rantse, in muka kama hanya ba ma tsayawa ko da wa ya tsayar da mu.

Sannan ga dokar ruwa. Baba masunci ne, ɗan masunci. Tun kafin a haife ni yake kwanciya a kan gora yana bin kogi da koma a hannu, ya shiga da hantsi sai la'asar ya fito, fatar hannunsa ta yi fari ta yamutse. Wannan mutumin ne likita ya ce ɗan ƙaramin kofi zai riƙa sha a wuni, da na shan magani da na kunu duk a ciki. Wa zai tsare dokar? Ni mana, wa kuma? Na ɗauke randa daga tsakar gida na kai ɗakina na kulle. Na hana jikokinsa wucewa ta gabansa da ruwan leda. Ko alwala zai yi ina tsaye a kansa ina kallon maƙogwaronsa, kada ya haɗiye na kurkurar baki. Allah na tuba, 'ya ta zama ɗan sandan ubanta. Bai taɓa yi mini musu ba. Sai dai ya lashi leɓe ya ce, "To, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Mai kai mu Terver ne, maƙwabcinmu, mutumin Binuwai da ya daɗe a Gashua har ya fi wasu 'yan gari sanin lunguna. Yana da wata tsohuwar mota wadda ƙofar bayanta sai da igiya take rufuwa. Mutumin kirki ne, ba ya gudu, ba ya yawan magana, in Baba ya yi amai a kujera ba ya ko yamutsa fuska.

To, a hanyar nan, in ka wuce Jajimaji da kaɗan, akwai wani ƙauye da ake kira Kurna Biyu. Ƙauyen ba shi da komai sai abu ɗaya, shi suke alfahari da shi. An ce shekarun baya wasu ma'aikata suka zo haƙa rijiyar burtsatse don shanun makiyaya. Suna cikin haƙa sai ruwa ya ɓalle da kansa, mai ɗumi, ya yi sama har ya wuce giginya, ba inji ba komai. Da ƙyar suka danne shi da murfin ƙarfe, suka sa masa abin murɗawa kamar sitiyarin mota, suka ja bututu zuwa kwamin shanu, suka kwashe kayansu suka tafi. Mutanen gari suka lura in an murɗa ƙarfen nan ruwan yana tsalle, matafiya kuma suna tsayawa kallo, in sun tsaya kuma suna sayen rake da dafaffen ƙwai. Shi ke nan, kasuwa ta buɗe. Suka kafa allo a bakin titi, an rubuta RIJIYA MAI TSALLE da jan fenti, an zana ruwa yana tashi, ko da yake ni zanen ya fi yi mini kama da tsintsiya.

Mun wuce allon nan ba adadi. Kullum sai in ga Baba ya juya kai yana binsa da kallo har ya ɓace. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Marar lafiya a mota, me zai yi in ba kallon taga ba?

Ranar wata Alhamis ce, ana zafin nan da ko ƙadangare ba ya fitowa. Mun fito da wuri, muna da ɗan sarari. Muna wuce Jajimaji sai Baba ya gyara zama ya ce, "Terver, ɗana, in mun kai Kurna Biyu ka tsaya. Ina so in ga rijiyar nan."

Na ce, "Baba, wace rijiya kuma? Layi na jiranmu."

Ya ce, "Da sauran lokaci."

"Mu tsaya a dawowa mana."

"A dawowa ba na gane gabas da yamma, kin sani. Injin nan in ya gama da ni ko sunana aka kira ba na ji."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara hasala. Na ce wa Terver, "Kai, taka motarka mu wuce, kada ka saurare shi."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Uwata, tun da muka fara bin hanyar nan na taɓa roƙonki wani abu?"

Terver ya dube ni ta madubi, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. In tsoho ya ce tsaya, ƙafata ba ta iya taka mai." Ya sauka daga kwalta, motar ta shiga yashi tana kuka.

Gani ya kori ji. Wurin da ake ta zuzutawa, wani fili ne mai caɓi, ko'ina kashin shanu, ga wari kamar an jiƙa kanwa ta kwana. A tsakiya wani bututun ƙarfe ne ya fito daga ƙasa, tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, duk ya yi tsatsa, an kewaye shi da tsofaffin tayoyi. Gefe guda rumfar zana da bencuna, mata suna gyangyaɗi a gaban farantan rake da gyaɗa. Wasu samari 'yan makaranta sun zo a kan babura daga Nguru, suna ta gyara hula suna ɗaukar kansu hoto da bututun. Can kuma dogon kwamin siminti, shanu sun yi masa layi.

Na ce, "Wannan ne? Wannan ne muka bar titi dominsa? Famfon unguwarmu ma ya fi shi kyan gani."

Terver ya kama Baba muka zaunar da shi a benci. Wani dattijo siriri ya taso daga gindin kurna, da carbi a wuya da tsumma a kafaɗa. Shi ne Abbagana, mai kula da rijiyar, ƙarfen murɗawar ma a hannunsa yake kwana. Ya durƙusa ya gaida Baba, "Wushe, wushe, sannu da hanya," suka shiga gaisuwar tsofaffi, ta gida, ta iyali, ta zafi, ta gajiya, har na ji kamar in kurma ihu.

Da suka numfasa na ce, "Malam, don Allah a buɗe mana mu gani. Marar lafiya ne, asibiti za mu."

Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Yanzu za a buɗe, 'yata. Sai shanu sun gama sha."

"Shanu kuma?"

Ya nuna kwamin da haɓa. Ya ce in ya murɗa ƙarfen nan, duk ƙarfin ruwan sama yake tafiya, kwami ya ƙafe, kuma ba zai sake kawowa ba sai ƙasa ta huta. Shanun nan tun asuba suke tafe daga wajen Machina. Don su aka haƙa rijiyar, ba don masu kallo ba. Tun zamanin mahaifinsa haka ake yi, ko hakimi ne ya zo sai ya jira.

Na ce, "To shanun nan yaushe za su gama?"

Ya ce, "In sun ƙoshi."

Kai, jama'a! Ka ji mini amsa. Na dubi garken, na ga bayansa akwai wani, bayan wancan ma ƙura na tashi. Na koma wajen Baba na ce, "Ka ji dai da kunnenka. Tashi mu tafi, wata rana ma zo."

Ya ce, "Mun riga mun zauna."

Na koma kan Abbagana. Wallahi ba abin da ban faɗa masa ba. Na roƙa, na yi magiya, na haɗa shi da iyayensa. Da na ga ba ya motsi sai bakina ya kuɓuce, na ce ashe a garinku saniya ta fi ɗan Adam daraja. Matan rake suka farka suna kallona. Shi kuwa ko gezau, yana jan carbinsa. Ya ce, "'Yata, ke kina da baki, kin faɗi naki. Su ba su da shi." Ya koma gindin kurnarsa ya zauna.

Wayata ta yi ƙara. Sista Yemisi ce, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da layin wanki, mace mai kirki amma ba ta son wasa da lokaci. Ta ce, "Zinariya, kuna ina? Wanda ke kan inji ya kusa sauka, Baba ne na gaba."

Na ce, "Muna hanya, Sista, mun kusa."

Ta ce, "Ku yi sauri fa. Mutane sun cika mini baranda."

Na kashe wayar. Na zauna a ƙarshen bencin, na juya wa kowa baya. Gajiya ce ta sauko mini gaba ɗaya, irin wadda ba barci ke maganinta ba. Na gaji da motar nan da igiyarta. Na gaji da warin asibiti da ke bin zanena har gida. Na gaji da zama mugu a gidanmu, kowa na lallaɓa Baba, ni kaɗai ce mai cewa a'a. A raina na ce, in ya ga ruwan nasa ya tashi, ko a kafaɗa ne sai na kai shi Nguru.

Da na juyo sai na ga abin da yake kallo. Ba bututun yake kallo ba. Shanun yake kallo. Wata farar saniya mai dogon ƙaho ta tsoma baki a kwami har hanci, tana zuƙa, kana ganin ruwan yana gangarawa a wuyanta guda-guda. Duk zuƙar da ta yi sai maƙogwaron Baba ya motsa. Leɓensa ya bushe ya tsage, ya yi fari. Ya manta da ni, ya manta da kowa. Tausayinsa ya kama ni, amma na haɗiye, don na san in na bari tausayi ya shiga aikin nan, kashe shi zan yi.

Haka muka zauna. Garke ya tafi, garke ya zo. Terver ya sayi rake ya miƙo mini, na ce ba na sha. Samarin nan suka gaji da hoto suka kwanta a kan baburansu. Wata motar haya ta tsaya, fasinjoji suka firfito suna miƙa, suna tambaya ko an kusa. Rana ta take tsaka. Ni dai ina ta duba waya, kamar dubawar za ta riƙe lokaci.

Can sai makiyayi na ƙarshe ya ɗaga sanda ya kora nasa. Abbagana ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ce kowa ya ja baya. Ya kama ƙarfen ya murɗa, ya ƙi. Ya tofa yawu a tafi ya sake kamawa. Sai muka ji ƙasa tana gurnani a ƙarƙashin ƙafafunmu, bututun ya yi tari, ya fesar da wani jan ruwa mai tsatsa. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Shi ke nan?" Bai rufe baki ba ruwan ya ɓalle.

Ba zan yi ƙarya ba, ya tashi. Fari fat, da ƙara kamar ana sauke tsakuwa daga tifa, ya yi sama har sai da na ɗaga kai gyalena ya zame. A can ƙoli ya buɗe, iska ta kwaso shi ta watso mana, ɗumi-ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Fasinjoji suka ɗau kabbara, samari suka ruga ciki da rigunansu suna ihu, matan rake kuwa ko ɗaga kai ba su yi ba, farantansu kawai suka rufe. Ni ban tsaya kallo ba. Akwai robar da aka sa wa Baba a wuya, ta nan ake haɗa shi da inji, an ce ko ɗigon ruwa kada ya taɓa ta. Na cire gyalena na duƙa a kansa ina kare shi, bayana ya jiƙe sharkaf. Shi kuma yana ta leƙe ta ƙarƙashin hannuna, ya ɗaga fuska, ya lumshe ido.

Bai daɗe ba ruwan ya fara raguwa. Ya sauko, ya sauko, har ya koma ɓulɓula a bakin bututu. Abin da muka ƙona rabin wuni dominsa ke nan. Na ce, "Alhamdu lillahi. An gani, an huta. Terver, tayar da mota."

Ashe da saura. Na ga ba wanda ya watse, kowa ya tsaya yana jira. Abbagana ya ciro wani ƙoƙo daga cikin rumfa, tsohon ƙoƙo da aka ɗinke tsagarsa da zare, ya ɗauraye, ya tara a bakin bututun ya cika shi fal. Ya tsaya yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya nufo mu, ya durƙusa a gaban Baba, ya miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, "Bismilla, Baba. Kai ne babba a wurin nan yau."

Na ce, "Mene ne haka?"

Wata mai rake ta ce, "Al'adar wurin ce. In ruwa ya sauka, wanda ya fi kowa shekaru shi ke fara sha, ya sa albarka, sannan kowa ya sha. In bai sha ba, ba mai taɓawa."

Na dubi Baba. Ko alamar mamaki babu a fuskarsa. Ya riga ya miƙa hannu. Nan take na gane komai. Ba kallo ya kawo shi ba. A barandar asibiti, inda tsofaffi ke hira kafin a kira su, wani ya ba shi labarin ƙoƙon nan, ya riƙe a ransa. Ya san a gida ba mai ba shi, na toshe ko'ina. Sai ya nemo wurin da za a durƙusa a miƙa masa a gaban jama'a, inda 'yar da ta san kunya ba za ta iya fizge abu daga hannun ubanta ba.

To ni ranar ban san kunya ba. Na kama bakin ƙoƙon na riƙe. Na ce, "Ba ya sha. Likita ya hana. Ruwan nan ma kanwa ce zalla, ku ba wani."

Wani fasinja mai furfura ya ce, "Subhanallahi, yarinya, mahaifinki ne fa." Terver ya matso ya ce a hankali, "Hajiya, mutane na kallo." Na ce su kalla, su suka yi jinyar? Abbagana dai yana durƙushe, bai saki ba, bai kuma ja ba. Mu uku riƙe da ƙoƙo ɗaya, ruwan yana rawa yana zuba a kan rigar Baba.

Baba ya ce, "Uwata, zauna."

Na ce, "Ba zan zauna ba. Baba, in ka sha wannan, kafin mu kai Nguru ƙirjinka ya cika. Wahalar da muka sha duk ta tashi a banza ke nan? Rumfata ta mutu, 'ya'yana sun koma cin abinci a maƙwabta, ban taɓa yi maka ƙorafi ba. Yau kuma a kan ƙoƙo ɗaya za ka watsa mini ƙasa a ido?"

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Ba za ni Nguru ba."

Na ce, "Me ka ce?"

"Ba za ni ba. Yau ba za ni ba, Litinin ma ba za ni ba." Muryarsa ƙasa-ƙasa, sai da na sunkuya nake ji. "Injin nan ya wanke ni ya matse ni kamar tsumma, in dawo gida in kwanta, kafin in farfaɗo an sake cewa tashi. Wannan ba kwana ba ne, Uwata, jan rai ne. Ban ƙi ƙaddara ba, ban kuma ce ina gaggawa ba. Wa'adi na hannun Mai shi. Amma ƙishirwar nan ta ishe ni. Na so in faɗa miki a gida, na kasa, don in na ga yadda kike ɗaure ɗankwali da asuba sai bakina ya mutu."

Na ce, "Ai sai ka bari in mutu tukuna, sannan ka yi abin da kake so."

Ya ce, "Shi nake gudu. Kin ga fuskarki kuwa kwanan nan?"

Kuka ya ƙwace mini, a gaban 'yan rake da 'yan babur da kowa. Haushi nake ji, kamar in fasa ƙoƙon a ƙasa. Tsoro nake ji, don na san abin da ke zuwa, na taɓa ganinsa. Kuma can ƙasan zuciyata, Allah ya gani, akwai wani abu da ya saki, kamar an sauke mini buhu daga ka. Wannan ɗin shi ya fi ba ni kuka.

Bai ja ƙoƙon ba. Ya tsaya yana kallona, yana jira. Da ya fizga da na ce ƙarfi ya nuna mini. Jira ya yi, har sai da yatsuna suka saki da kansu.

Ya yi bismilla ya kafa kai. Ban taɓa ganin mutum yana shan ruwa haka ba. Bai yi gaggawa ba, a hankali yake zuƙa, idonsa a rufe, ruwan yana bin gemunsa yana sauka. Sai da ya ga ƙasan ƙoƙon ya ɗago, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya raya rijiyar nan, ya shayar da mai tafiya da mai kiwo." Jama'a suka amsa da amin, amma a sanyaye, kowa ya sha jinin jikinsa. Suka juya wajen bututun ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya.

Wayata ta sake ƙara. Na share fuska na ɗauka.

Sista Yemisi ta ce, "Zinariya, inji ya daɗe a buɗe. Na riƙe muku iya riƙewa. Akwai wani malamin firamare daga Machina, tun safe yake nan, ba ya cikin layin yau, amma ya kumbura sosai, matarsa na ta kuka. In kun kusa in jira ku. In da saura, ki faɗa mini gaskiya."

Na dubi Baba. Ya jingina da ginshiƙin rumfa, leɓensa ya jiƙe, yana kallon inda shanun suka bi. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin ciwon.

Na ce, "Sista, ki ɗora shi."

Ta ce, "To Baba fa? In sa shi Litinin?"

Na ce, "Kada ki sa."

Ta san irin wannan amsar, ba yau ta fara jin ta ba. Ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa. Ki gaishe mini da Baba."

Na kashe. Baba ya ce, "Wa aka ba?"

Na ce, "Wani malamin makaranta, daga Machina."

"Yaro ne?"

"Da alama. An ce matarsa na wurin."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya tashi kafaɗarsa."

Terver ya tafi ya juya motar, ya sa hancinta gabas, hanyar gida, bai tambayi kowa ba. Na duƙa zan cicciɓi Baba kamar kullum, sai ya dafa hannuna. Ya dubi bututun, inda ruwan ke ɗan tsiyaya, ya kusa ƙafewa. Sannan ya dube ni, da irin kallon da yaro ke yi in yana tsoron a hana shi.

Ya ce, "Uwata, ko akwai saura?"

Abbagana ya yunƙura zai tashi. Na ce masa ya zauna. Na karɓi ƙoƙon, na tattare zanena, na shiga caɓin nan da kaina.